Yadda Ƙasashe Su Ke Taimakon Iyaye Wajen Jego Da Reno

Ya ku ɗalibai, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa a kan wata magana ce wadda ba a cika sa ta cikin jarrabawa ba, amma babu malamin da zai yi shekara biyar yana aiki bai ci karo da ita ba. Maganar kuwa ita ce irin taimakon da hukumar ƙasa ta kan yi wa iyaye tun daga ranar da aka haifi yaro har ranar da aka riƙo hannunsa aka kawo mana shi aji ɗaya. Waɗannan shekaru biyar ko shida mu malamai ba mu da hannu a cikinsu, amma duk abin da aka shuka cikinsu mu ne masu girbinsa. Ban da wannan kuma, da yawa daga cikinku mata ne, waɗansu da aure, waɗansu har da goyo. Mazan kuwa gobe su ne magidanta, su ne kuma hedimastocin da za a ba malamai mata a ƙarƙashinsu. Saboda haka ba wanda zai ce maganar ba ta shafe shi ba.

Taimakon nan iri uku ne. Na farko hutun haihuwa, watau kwanakin da doka ta yarda ma'aikaciya ko mijinta su bar aiki su zauna da jariri ba tare da an kore su ba. Na biyu gidajen reno, inda a kan bar yaro da rana in iyaye sun tafi nema. Na uku kuɗin yara, watau ɗan abin da hukuma ta kan ba iyaye wata wata saboda kowane ɗa. In mutum ya ga an jera ƙasashe a jarida, wannan tana ba da hutun mako 12, waccan mako 26, sai ya zaci wadda ta fi yawan makonni ita ta fi kyautata wa iyaye. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Abin da na ke so ku riƙe shi ne, kowace ƙasa aka ambata muku, ku yi tambaya uku. Wa ke biyan kuɗin? Su wa dokar ta shafa? In hutun ya ƙare, wa ke riƙe yaron? Ta farkon ita ce babba, gama renon yaro ba ya yiwuwa kyauta. In hukuma ba ta biya ba, lalle wani ya biya, ko da ba a rubuta sunansa ba.

Mudun Awo

Kafin mu shiga ƙasashe ɗaya ɗaya, ya kamata mu sami mudun da za mu auna su da shi. Mudun yana hannun Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda a ke kira ILO, mai babban ofis a birnin Janiba. An kafa ta cikin 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, cikin wannan shekara kuwa ta fitar da yarjejeniya cewa a ba ma'aikaciya mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Cikin shekara ta 2000 aka sabunta ta, ta zama yarjejeniya mai lamba 183. Ga sharuɗɗanta a taƙaice. Hutu kada ya gaza mako 14, shida daga ciki tilas ne bayan haihuwa. Kuɗin da za a ba mai jego kada ya gaza kashi biyu cikin uku na albashinta. Kuɗin kuma su fito daga baitulmali ko daga asusun taro, kada a ɗora wa ubangidan aikinta shi kaɗai.

Me ya sa aka yi wannan sharaɗi na ƙarshe? Bari in ba ku misali da aikinmu. A ce wani mutum yana da 'yar makarantarsa ta kuɗi da malamai takwas, sai ɗaya ta haihu. In doka ta ce shi zai biya ta tana gida, to, ga albashinta, ga kuma na wanda zai riƙe mata aji, albashi biyu ke nan saboda aji ɗaya. In ya yi haƙuri ya biya sau ɗaya, ran da zai sake ɗaukar malami, ga saurayi ga amarya sun zo nema, kowa ya san wanda zai ɗauka, ko da amaryar ta fi iya koyarwa. Kun ga dokar da aka yi don a taimaki mata ta koma ta rufe musu ƙofa. Amma in asusun taro ne, inda kowane ma'aikaci, namiji da mace, da kowane ubangidan aiki su ke zuba ɗan kaɗan wata wata kamar adashi, wadda ta haihu kuma a biya ta daga ciki, to, mai makaranta ba shi da dalilin gudun amarya, domin abin da zai zuba ɗaya ne ko wa ya ɗauka.

Suwidin Da Amurka

Bari mu fara da ƙasashe biyu masu arziki waɗanda suka bi hanya dabam dabam. Ta farko Suwidin, can arewacin Turai. Cikin 1974 ta zama ƙasar farko da ta mai da hutun uwa ya zama hutun iyaye, watau uwa da uba su raba tsakaninsu. Yanzu iyayen kowane ɗa suna da kwana 480, kusan wata 16 ke nan. Cikin kwana 390 a kan biya su kimanin kashi 80 cikin 100 na albashi, har zuwa wata iyaka da aka yanka, sauran kwana 90 kuma ɗan kuɗi ƙayyadadde. Wani ofishin hukuma ne ke biya, ko wanda ba ya aikin albashi ma, kamar ɗalibi, yana samun wani abu kaɗan.

Da farko maza ba su karɓi abin ba. Cikin 1974 kwanakin da iyaye maza suka ɗauka ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Sai hukuma ta yi dabara cikin 1995, ta keɓe wa kowane ɗaya cikin iyayen wata guda, in uba bai ɗauki nasa ba ya faɗi, ba a ba uwa. Cikin 2002 aka mai da shi wata biyu, cikin 2016 wata uku. Yanzu maza ne ke ɗaukar kusan kwana 30 cikin kowane 100. Game da tambaya ta uku kuwa, da yaro ya cika shekara ɗaya wajibi ne hukumar garinsu ta sama masa wuri a gidan reno, kuɗin da iyaye za su biya kuma ba ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da su ke samu saboda ɗa na farko. Saboda haka kafin hutu ya ƙare gidan reno ya buɗe. Amma fa kada ku ce banza ta faɗi. Kowane ubangidan aiki yana zuba wa hukuma kimanin kashi 31 cikin 100 bisa kowane albashin da ya biya, saboda fansho da jinya da hutun iyaye, harajin saye kuma kashi 25 cikin 100 ne a kan yawancin kaya.

Amurka ta fi Suwidin dukiya nesa ba kusa ba, amma ba ta da dokar ƙasa baki ɗaya mai biyan mai jego ko anini. Dokar 1993 ta ba da mako 12 ba albashi, ita ma sai ga wanda ya shekara a wurin aikin, ya yi sa'a 1,250 cikin shekarar, wurin kuma yana da ma'aikata 50 ko fiye. Fiye da kashi 40 cikin 100 na ma'aikata ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, cikin waɗanda suka cika kuma akwai masu yawa da ba za su iya zaman wata uku ba albashi ba. Sai jihohi suka shiga yin nasu. Kalifoniya ta fara biya cikin 2004 daga asusun da ma'aikata ke zubawa, yanzu jihohi fiye da 10 sun bi sawunta.

Akwai wani abin lura da ya faru can game da kuɗin yara. Cikin 2021, lokacin annobar korona, hukuma ta ƙara abin da a ke ba iyaye, har ya kai dala 3,600 a shekara saboda ɗan da bai cika shekara shida ba, aka kuma riƙa biyan rabinsa wata wata. Cikin wannan shekara yaran da aka lasafta cikin talauci suka ragu zuwa kashi 5.2 cikin 100. Da ƙarin ya ƙare, tare da sauran taimakon annoba, cikin 2022 suka koma kashi 12.4.

Ingila, Jamus Da Japan

Ingila ita za ta nuna muku yadda yawan makonni ke ruɗin mutum. A takarda mai jego tana da mako 52. Amma 39 kaɗai a ke biya, cikinsu kuma shida na farko ne a ke ba ta kashi 90 cikin 100 na albashinta. Sauran 33 ɗan kuɗi ne ƙayyadadde wanda ba ya riƙe gida, saboda haka mata da yawa su kan koma aiki tun hutun bai ƙare ba. Inda suka yi daidai shi ne, ko da ya ke ubangidan aiki ne ke miƙa kuɗin, hukuma tana mayar masa da kusan duka. Kuɗin yara kuwa sun daɗe da shi. Wata 'yar majalisa, Eleanor Rathbone, ta yi shekaru tana fafutuka har aka yi dokar cikin 1945, aka fara biya cikin 1946, sule biyar a mako saboda kowane ɗa bayan na fari. Ta dage kuma sai a hannun uwa za a sa kuɗin, haka kuwa aka yi.

Jamus ta ba mu darasi a kan gidajen reno. Tun watan Agusta na 2013 doka ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya hakkin samun wuri, har cikin 2016 babbar kotu ta yanke cewa iyayen da suka yi hasarar albashi saboda rashin wuri suna iya neman diyya daga hukumar gari. Duk da haka a garuruwa da yawa iyaye na bin layi, babban dalili kuwa shi ne ƙarancin horarrun masu reno. Ku ɗalibai masu koyon renon ƙananan yara, ku lura da wannan. Doka tana iya umartar a gina ɗaki cikin wata shida, amma mai reno sai an yi shekaru ana horonta.

Japan kuma ta nuna cewa doka ba ta isa ba in al'adar wurin aiki ba ta yarda ba. Uba yana da izinin hutu har ɗansa ya shekara, asusun ma'aikata na biyansa kashi 67 cikin 100 a kwana 180 na farko. Amma cikin 2015 mazan da suka ɗauki hutun ba su kai uku cikin 100 ba, saboda jin nauyin shugaba da abokan aiki. Da aka tilasta wa kamfanoni cikin 2022 su tambayi kowane mai jiran haihuwa ko yana son hutun, cikin 2023 adadin ya kai 30 cikin 100.

Ƙasashe Masu Kama Da Tamu

Wani zai ce duk waɗannan masu kuɗi ne, ina ruwan biri da gada? To, mu dubi waɗanda halinsu ya fi kusa da namu. Cikin 2017 Indiya ta ɗaga hutu daga mako 12 zuwa 26 saboda haihuwa biyu na farko. A jerin jarida ta wuce Faransa mai mako 16. Amma ku yi mata tambayoyin nan namu. Yawanci ubangidan aiki ne ke biya, dokar kuma ta shafi wuraren da ke da ma'aikata 10 ko fiye, alhali kuwa yawancin matan Indiya a gona su ke aiki, ko a gida, ko a bakin hanya. Abin da ya fi kai wa ga talaka can shi ne ɗakunan reno na unguwa da a ke kira anganwadi, waɗanda aka fara cikin 1975, yanzu sun haura miliyan ɗaya. A kan zaɓi wata mace 'yar unguwar a yi mata ɗan horo, a ba ta mataimakiya. Yara su kan taru wurinta na 'yan sa'o'i, a ba su abinci, a auna nauyinsu, a kula da rigakafinsu, a koya musu wasa da ƙirga.

Afirka ta Kudu ta bi hanyar asusun taro. Ma'aikaci ya zuba kashi ɗaya cikin 100 na albashinsa, ubangida ya zuba ɗaya, mai jego kuma ta karɓi wani kashi na albashinta daga asusun cikin hutunta na wata huɗu. Cikin 2003 aka shigar da 'yan aikin gida cikin asusun. Saboda matan da ba su da albashi kuma, tun 1998 hukuma ta ke ba da kuɗin yara ga gidaje marasa ƙarfi. An fara da rand 100 a wata, a ke kuma miƙa wa duk wanda yaron ke hannunsa, uwa ce ko kaka. Yaran da ke amfana sun kai kimanin miliyan 13.

Maƙwabciyarmu Nijar tana ba da mako 14, asusun ma'aikata na ƙasa da a ke kira CNSS yana ɗaukar wani kashi na kuɗin, yana kuma biyan kuɗin yara ga masu albashi. Asalin wannan dokar ƙwadago ce da Faransa ta kafa wa ƙasashen da ta ke mulki cikin 1952. Mu kuwa da Gana da Kenya muka gaji hanyar barin nauyin a wuyan ubangidan aiki. Sai dai a Nijar ɗin ma masu albashi 'yan kaɗan ne, saboda haka macen ƙauye ba ta san ana yi ba.

Mu Dawo Gida

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda mu ke aiki da ita tun zamanin Janar Gowon, a sashe na 54 ta ba ma'aikaciya mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. In ta yi wata shida a wurin aikin, a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. In ta dawo kuma a ba ta rabin sa'a sau biyu a yini don ta ba da nono. Ku aza wannan bisa mudun ILO. Mako 12 a maimakon 14, rabin albashi a maimakon kashi biyu cikin uku, mai biya kuma ubangidan aiki ne shi kaɗai. Duka ukun mudunmu bai cika ba.

Ma'aikatan hukuma sun fi samun sauƙi. Gwamnatin Tarayya tana ba mata mako 16 da cikakken albashi, cikin 2021 kuma ta yarda da kwana 14 ga iyaye maza. Jihar Legas cikin 2014 ta ba ma'aikatanta mata wata shida saboda haihuwa biyu na farko, maza kwana 10. Jihar Kaduna ma ta ba da wata shida cikin 2019. Saboda haka ɗalibai biyu da suka fita daga aji ɗaya a nan kwalejin, ɗaya ta sami aikin jiha mai ba da wata shida, ɗaya ta shiga makarantar kuɗi, in suka haihu rana ɗaya, ta biyun tana iya komawa aji ɗanta bai cika wata biyu ba.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ciwo. Ofishin ƙididdiga na ƙasa ya nuna cikin 2023 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba aikin da aka rubuta a rajista su ke yi ba. Mai tuyar ƙosai, da mai kitso, da mai sayar da kayan miya, ba wanda ke ba su hutu, ran da ba su fita ba kuwa ba a ɗora tukunya. Ba mu kuma da kuɗin yara na kowa da kowa. Likitocin duniya sun ce a ba jariri nono zalla wata shida, watau mako 26, doka kuwa ta ba da shida bayan haihuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami jarirai 29 kaɗai cikin 100 a ke ba nono zalla. Dalilan suna da yawa, har da al'adar ba jariri ruwa, amma komawa nema da wuri yana cikinsu. Game da tambaya ta uku kuma, manufar ilmi ta ƙasa ta 2013 ta sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, yaro yana da shekara biyar. Daga wata uku zuwa shekara biyar, sai kowa tasa ta fisshe shi.

To, wa ke riƙe da mu duk shekarun nan? Dangi ne. Kakanninmu sun yi nasu tsari tun ba a san ILO ba. Mai cikin fari ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta. In ta haihu ta yi wankan jego kwana arba'in, ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ana dama mata kunu, ana gasa mata nama. Likitoci sun yi gargaɗi a kan yawan kanwa da tsananin zafin ruwa, ya kamata kuwa a ji, amma hutun da kulawar ba wanda ya kushe su. Ku lura, tsakanin kwana arba'in da mako shidan nan na tilas bambancin kwana biyu ne kacal. Maƙwabtanmu Ibo suna da irin wannan, suna kiransa omugwo, inda uwar mai jego ke zuwa ta zauna da ita. Suwidin ma cikin 2024 ta yarda iyaye su ba kaka ko wani na jiki kwana 45 daga cikin hutunsu, hukuma ta biya ta. Abin da mu ke yi tun fil azal ke nan, sai dai tamu kakar ba a biyanta.

Wannan tsari na dangi shi ke raguwa. Mu da ke zaune nesa da gida mun fi kowa sani. Malamar da aka haifa a Sabo ta Badun ko Agege aka tura ta wani ƙauye, ko wadda uwarta ke Katsina ita tana nan Kudu, wa zai riƙe mata? Wata rana na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, na tarar da wata malama tana koyar da lissafi a aji uku, jaririnta na kwance bisa tabarma a gindin allo. Da ya fara kuka sai aka aika aji biyar aka kirawo wata yarinya ta goya shi ta yi ta zagaya fili. Na tambaya, aka ce kusan kullum haka a ke yi. Ban ga laifin malamar ba, gama ba ta da wata dabara. Amma kuɗin renon nan da hukuma ba ta biya ba, mai makaranta bai biya ba, yarinyar nan ce ta ke biyansa da karatunta.

Abin Da Zai Yiwu

Ba na ce mu kwafi Suwidin ba. Su masu biyan haraji ne da yawa da yara kaɗan, mu kuwa yara da yawa da masu albashi kaɗan. Masu tsoron kada taimako ya ƙara yawan haihuwa kuma su kwantar da hankalinsu, gama a Suwidin duk da wannan gata, in aka raba, abin da mace ke haifa bai kai biyu ba.

A ganina abu uku suna cikin ikonmu. Na farko a ɗauke nauyin daga wuyan ubangidan aiki a mai da shi asusun taro, yadda Afirka ta Kudu ta yi. Ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin tun 2004 a ke yankar kuɗin fansho daga albashi, tun dokar 2010 kuma ubangidan aiki ke zuba kashi ɗaya cikin 100 saboda diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Na biyu a buɗe ɗakunan reno irin na Indiya a jikin kasuwanni da makarantun firamare, a sa horarrun mata 'yan unguwa. Na uku, duk taimakon da za a ba gidaje marasa ƙarfi a sa shi hannun wadda ke riƙe da yaron, ko tana da albashi ko ba ta da shi.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunku. Ke malama, kafin ki sa hannu a takardar ɗaukar aiki, ki karanta abin da aka rubuta game da hutun haihuwa, in babu ki nemi a rubuta, domin Dokar Ƙwadago ta ware masu aikin ƙwarewa da na shugabanci, su abin da ke cikin takardarsu shi ne madogararsu. Kai kuma da za ka zama hedimasta, ka shirya wanda zai riƙe aji tun cikin yana wata shida, ka gyara jadawali yadda mai goyo za ta sami lokacin ba da nono, ka nemi ƙungiyar iyaye da malamai su keɓe ɗaki guda su ɗauki dattijuwa mai tsabta. Kome wuya, kada ka yarda a fitar da 'yar makaranta daga aji don reno.

Tambayoyi

1. Kawo sharuɗɗa uku na yarjejeniyar ILO ta shekara ta 2000, ka gwada su da sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya.

2. Indiya tana ba da mako 26, Nijar 14. Bayyana abin da ya sa wannan kaɗai bai isa a ce wata ta fi wata ba.

3. Malama tana karɓar naira 80,000 a wata. Nawa za ta samu cikin hutun wata uku in an biya ta rabi, nawa kuma in an biya ta kashi biyu cikin uku?

4. In ka je hutu, ka tambayi mata biyar masu sana'a a unguwarku kwana nawa suka yi kafin su koma nema bayan haihuwa, da wanda ya riƙe musu yaron. Ka rubuta abin da ka samu ba tare da ambaton sunayensu ba, ka kawo wa Edita, za mu buga waɗanda suka fi kyau a fitowa mai zuwa in Allah ya kai mu.